Yadda Ake Gano Kafasitar Da Ta Mutu A Bod Ɗin Wutar Talabijin A Kuma Canza Ta

Idan talabijin ɗinka ta fara halin nan na ka danna rimot ta ƙi tashi, jar fitilar gaba tana ta ƙyaftawa, ko ka ji wani ɗan ƙas-ƙas daga bayanta, sai bayan minti biyar ko goma ta kama kamar ba abin da ya faru, to kafin ka yarda a ce maka sai an canza bod gaba ɗaya ka fara zargin kafasita. Yau minti biyar take ɗauka, wata mai zuwa rabin awa, daga nan wata rana ta ƙi tashi sam. Wannan ja da bayan a hankali shi ne babbar alamar. Abin da ya ƙone farat ɗaya saboda wuta ta zo da ƙarfi daban yake, shi kam lokaci guda yake mutuwa. Kuma abin da ke ba ni takaici shi ne talabijin nawa ne ke jibge a ɗakunan ajiya an haƙura da su alhali ƙananan kaya uku ko huɗu ne suka gaji a ciki.

Maganar da zan yi a kan talabijin mai fale-falen fuska ce, LCD ko LED, amma duk abin da zan faɗa yana aiki a kan dikoda, monita, amfilifaya da fawa ta kwamfuta. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi a baya kuwa ka bar wa wanda ya ƙware, kwalbarta tana riƙe wutar da ta haura bolt dubu ashirin. Haka ma na'urar ɗumama abinci ta maikrowef, ba wurin koyon hannu ba ne.

Me ke kashe ta

Kafasitar da muke magana a kai ita ce mai kama da ƙaramin gwangwani a tsaye, an naɗe ta da leda baƙa ko shuɗiya ko ruwan ƙasa. A cikinta takardar alminiyom ce guda biyu a nannaɗe, da wata takarda a tsakani da aka jiƙa da ruwan sinadari. Aikinta a ɓangaren wuta shi ne ta tara caji ta riƙa sakin sa don wutar ta fita sumul ba ta rawa. Matsalar ruwan nan ne, zafi yana busar da shi a hankali, idan ya bushe kafasita ta fara yi wa wuta taurin kai, taurin kan yana ƙara mata zafi, zafin yana ƙara busar da ita, haka dai har ta kumbura.

Duba jikinta za ka ga an rubuta 85°C ko 105°C. Kamfanoni sukan ba irin waɗannan kafasitocin kamar awa 2000 na aiki a kan wannan zafin da aka rubuta, kuma lissafin da aka sani shi ne duk digiri 10 da zafi ya ragu, tsawon ranta yana ninkawa biyu. To ɗauki cikin talabijin da ya kai digiri 65. Mai 105 ta samu ragin digiri 40, ninki goma sha shida kenan, awa 32,000. Mai 85 kuwa ragin digiri 20 kawai ta samu, awa 8,000, ko shekara ɗaya cur ba ta kai ba idan ana kunna ta dare da rana. Yanzu ka haɗa da zafin bazara irin namu, ga talabijin an manna ta da bango, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska na baya, ga wutar janareta tana hawa tana sauka. Ka ga dalilin da ya sa abin ya yi mana yawa.

Kayan aiki

Sukudireba mai kan kuros, mita ta dijital, soldirin ayan mai wat 40 zuwa 60, dalmar solda siririya irin 60/40 mai ɗan mai a cikinta, fes na solda (man da ke sa dalma ta kama), famfon zuƙe dalma, ƙaramar kata ta yanke ƙafa, sifirit da tsohon buroshin goge baki. Sai resista ɗaya mai ohm 10,000 zuwa 20,000, wat 5, wadda za ka yi wa wayoyi biyu masu rufi a ƙafafu ka naɗe da tef ya zama bakin wayoyin kaɗai ke waje. Wannan resistar ta fi duk sauran kayan muhimmanci, yanzu za ka ji dalili. In kana da mitar ESR, wato mai auna taurin kan da kafasita ke yi wa wuta, ko ƙaramar testar nan mai ɗan allo da ake saka ƙafafun kaya a ciki ta faɗa maka komai, aikinka ya zo da sauƙi.

Mataki na farko: buɗewa da sauke wuta

Zare filogi daga bango. Ba kashe soket ba, zare shi gaba ɗaya ka ajiye inda idonka ke gani, don kar wani yaro ya zo ya mayar. Shimfiɗa bargo a kan tebur ka kifa talabijin a kai, ka kwance sukurorin baya, ka lura wasu dogaye ne wasu gajeru, idan ka saka dogo a ramin gajere wajen mayarwa zai iya taɓa abin da bai kamata ba. Ɗaga murfin a hankali saboda wasu akwai wayar sifika ko ta maɓallai maƙale da shi.

Bod ɗin wuta shi ne wanda wayar filogi ke shiga kai tsaye. Za ka gan shi da taransifoma mai naɗin tef rawaya, da ƙarafan sanyaya, da wata kafasita ƙatuwa guda ɗaya ko biyu, a kwance ko a tsaye, an rubuta mata 400V ko 450V. Kafin ka taɓa komai ɗauki hoto da wayarka, na gaba ɗaya da na kusa-kusa, kowace waya da inda ta shiga.

Ɗan'uwa a nan nake so ka natsu. Wutar gida bolt 230 ce, amma idan ta bi ta dayod, ƙananan kayan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, aka miƙar da ita tana komawa kusan bolt 325 a kan ƙatuwar kafasitar nan, a talabijin da yawa ma akwai sashen da ke ƙara ɗaga ta zuwa wajen 390 ko 400. Kuma tana iya riƙe wannan cajin bayan ka zare filogi, wani lokaci minti kaɗan wani lokaci har ya kwana, musamman ma a bod ɗin da ya lalace tunda babu abin da ke shanye wutar. Wannan wuta ce da ke iya kashe mutum. Cire zobe da agogo, ka sa takalmin roba, kar ka yi aikin a ƙasa mai danshi.

Kwance bod ɗin kana riƙe shi ta gefe-gefe, ka juya shi, ka sa mita a kan DC 1000V ko 600V, ka auna ƙafafun ƙatuwar guda biyu. In ka ga wuta, ɗora wayoyin resistar nan a kan ƙafafun ka ƙirga sakan ashirin zuwa talatin, sannan ka sake aunawa, sai ta sauka ƙasa da bolt biyar tukuna hannunka ya shiga. Wasu suna amfani da tsohon ƙwan fitila mai zare, shi ma yana yi, zai yi haske ya mutu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne haɗa ƙafafun da bakin sukudireba a ji tas. Na san ana yi a shaguna da yawa, amma tartsatsin yana cinye layin bod, yana raunana kafasitar da ƙila lafiyarta ƙalau, kuma ɓarɓashin yana iya faɗa maka a ido.

Mataki na biyu: bincike da ido

Kai bod ɗin inda haske yake sosai. Saman kowace kafasita akwai tsaga da aka yi mata mai siffar kuros ko K ko Y, an yi ta ne don idan iska ta taru a ciki ta fashe ta nan maimakon ta tarwatse. Lafiyayya samanta a shafe yake. Shafa da yatsa, in ka ji ya ɗan taso ko kaɗan ne, ta tafi. Kalle ta kuma ta gefe daidai da idonka, kumburin da ba a gani ta sama yana fitowa ta nan. Sauran alamun: busasshen abu ruwan ƙasa a saman tsagar, ledar jiki ta tsuke ta ja baya, kafasita ta karkace saboda robar gindinta ta turo waje, ko ƙafa ta yi tsatsa kore-kore.

Kar ka rikita da gam. Kamfani yana zuba farin gam ko rawaya a gindin manyan kaya don kar su girgiza, wannan ba yoyo ba ne.

Za ka ga an ja layi a kan bod an raba shi biyu, gefe ɗaya an rubuta HOT ɗaya COLD. Gefen farko shi ne na babbar wuta, na biyu shi ne inda ƙananan wutoci ke fita, bolt 5 ko 3.3 na jiran rimot, da 12, wasu da 24. Mafi yawan masu kumbura a gefe na biyu suke, a cunkushe kusa da ƙarfen sanyaya na dayod, irin su 1000µF 10V (µF shi ne ma'aunin yawan cajin da take iya tarawa), 1000µF 25V, 470µF 25V, 680µF, 2200µF. Ita ƙatuwar mai 450V da kowa ke zargi ba ta cika mutuwa ba sai dai in wuta ta yi mata yawa.

Amma fa ido ba ya gama aiki. Akwai wata ƴar ƙarama a gefen babbar wuta, kusa da ƙaramin IC, wato ɗan baƙin guntun nan mai sarrafa wutar, mai ƙafa takwas ko ƙasa da haka, yawanci 10µF, 22µF ko 47µF a kan 50V. Ita ce ke riƙe wa IC ɗin wutar da zai tashi da ita, kuma tana bushewa ƙarƙaf ba tare da ta kumbura ba, ka kalle ta kamar sabuwa. Talabijin da ke ta ƙas-ƙas tana son tashi tana kasawa sau da yawa ita ce. A ganina duk wanda ya riga ya buɗe bod ya canza ta kawai, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Mataki na uku: awo

In babu wadda ta kumbura, akwai dabarar zafi. Mayar da bod ɗin wurinsa, ka busa masa iskar na'urar busar da gashi na kamar minti ɗaya a kan tarin kafasitocin, sannan ka sa filogi ba tare da ka taɓa komai ba. In ta tashi nan take alhali da sai ta daɗe, ka samu tabbaci, domin gajiyayyar kafasita tana ɗan farfaɗowa idan ta ji ɗumi. Shi ya sa ma talabijin ɗin ke kamawa bayan an daɗe ana gwadawa. Bayan gwajin sai ka sake sauke wuta kamar farko, kowane lokaci ka sa filogi sai ka sake.

Mitar ESR tana auna taurin kan da na ambata, kuma yawanci ba sai ka cire kafasita daga bod ba. Mai 1000µF lafiyayya a wannan wurin ya kamata ta nuna ƙasa da ohm 0.1, mai 47µF 50V wajen ohm ɗaya ko ƙasa. In ka ga 1000µF tana nuna ohm ɗaya ko biyu, ta gama. Sai dai in guda biyu ko uku suna haɗe a layi ɗaya, lafiyayyar tana rufa wa matacciyar asiri, dole ka ɗaga ƙafa ɗaya ka auna kowacce ita kaɗai.

Mita ta dijital mai awon µF kuwa sai an cire kafasitar. An yarda ta kauce da kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato mai 1000 in ta nuna 800 zuwa 1200 tana cikin iyaka, in ta nuna 400 ka jefar. Amma ka sani tana iya nuna 950 kuma ESR ɗinta ya lalace, don haka wannan awon yana kama mai laifi ne kawai, ba ya wanke wadda ake zargi. Gwajin ƙara na mita shi kuma yana nuna wadda ta yi shot, in ƙarar ta ɗan yi ta tsaya caji take ɗauka, in ta ci gaba ba tsayawa bayan ka cire ta daga bod to ta haɗe a ciki.

Mataki na huɗu: sayen sabuwa

A nan ne gyara da yawa ke lalacewa, a canza yau bayan wata uku talabijin ta dawo. Rubuta lamba ta wurin kowacce kamar yadda take a bod, C da lambarta, da µF, da bolt, da digiri. Ka tafi kasuwa da tsofaffin a leda, ko Sabon Gari ne a Kano ko Alaba a Legas ko duk inda ake sayar da kayan gyara a garinku.

µF ya zama daidai da na tsohuwar. Bolt daidai ko sama, mai 16V ko 25V tana zama a wurin mai 10V lafiya lau, amma ƙasa da na asali sam kar ka yi. Digiri 105 kawai, ko da wadda ka cire 85 ce. Sannan ka nemi mai ƙaramin ESR, wadda aka yi don irin wannan fawar mai saurin kunnawa da kashewa sau dubbai a sakan, domin gama-garin kafasita irin ta rediyo za ta yi aiki ranar farko amma za ta riƙa zafi ta kumbura da wuri. Sunayen da aka sani da inganci su ne Panasonic, Nichicon, Rubycon da Nippon Chemi-Con, misali jerin FR da FM na Panasonic ko ZL na Rubycon. Jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka duba rubutun jiki ko ya fita tsaf, ka ɗaga ka ji nauyi, in kana da testa ka auna a gaban mai shago. Wadda ta yi ƙanƙanta da yawa a kan lambar da aka rubuta mata abar zargi ce.

Kar ka manta da girma. Faɗinta ya shiga wurin, tazarar ƙafafu ta dace da ramuka, tsawonta kuma kar ya hana murfi rufuwa, talabijin na yanzu sirara ne sosai. Ciro tsohuwa daga mataccen bod a dasa kuwa, sai dai in ba yadda za a yi, ita ma ta sha nata zafin.

In ɗaya ta kumbura a cikin jeri, canza duk ƴan'uwanta da ke wurin masu iri ɗaya. Tare aka saka su, zafi ɗaya suka sha.

Mataki na biyar: cirewa

Kafin ayan ya taɓa bod, duba ɓangaren da zanen mainos yake. A jikin kafasita akwai dogon zane mai alamar − daga sama zuwa ƙasa, wannan ƙafar ita ce mainos. A kan bod yawanci rabin da'irar da aka cike da fenti shi ne mainos, ko a sa + a ɗaya gefen, amma akwai bod na kwamfuta da suka juya wannan tsarin, don haka abin dogaro shi ne yadda tsohuwar take zaune da hoton da ka ɗauka. Sa ɗigo da maka a gefen mainos.

Bari ayan ya yi zafi sosai, in mai saiti ne wajen digiri 350. Ga dabarar da sababbin hannu ba su cika sani ba: ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar kafin ka yi ƙoƙarin cirewa. Tun wajen 2006 yawancin kamfanoni suka koma solda marar gubar dalma, wadda sai kusan digiri 217 take narkewa, ita kuwa 60/40 wajen 185 ne, in suka gauraya sai ta saki da sauƙi. Shafa fes, narkar da ƙafa ɗaya, ka ɗan karkatar da kafasitar ta ɗaya gefen da yatsa, koma ɗaya ƙafar ka yi haka, sau biyu ko uku za ta fito. Kar ka fizge. In ka ja da ƙarfi dalma ba ta gama narkewa ba za ka ɗago jan ƙarfen da ke kewaye da ramin, ƙaramin aiki ya zama babba. Kuma kar ka bar ayan a wuri ɗaya fiye da sakan huɗu ko biyar, in ta ƙi ka ɗaga ka bari ya huce ka sake.

Buɗe ramukan da famfo. In ɗaya ya ƙi, yawanci na mainos ne don yana manne da faffaɗan jan ƙarfe mai shanye zafi, narkar da shi ka tura tsinken sakace ko allurar sirinji ta ɗaya gefen, dalma ba ta kama su. In tsohuwar ta yi yoyo wanke wurin da sifirit da buroshi, ruwan yana cin layi.

Mataki na shida: sakawa

A sabuwa doguwar ƙafa ita ce fulos, gajeriyar da ke gefen zane mainos. Saka ta ta zauna daram a kan bod, ka ɗan buɗa ƙafafun ta baya don kar ta zame. Ɗora bakin ayan ya taɓa ƙafa da da'irar jan ƙarfe lokaci guda, ka kawo dalma ta ɗaya gefen ta narke a kansu, ba a kan ayan ba, sakan biyu zuwa uku ya isa. Solda mai kyau tana hawa ƙafar kamar ɗan tsauni mai santsi, in ta dunƙule kamar ƙwallo ba ta kama ba, ƙara fes ka sake. Yanke ragowar ƙafa, ka tabbata guntun bai maƙale a bod ba, ka goge da sifirit, ka duba ko dalma ta tsallaka ta haɗa layi biyu.

Sai ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya kana gwada zanen da hoton. Kafasitar da aka juya tana zafi ta fashe cikin ƴan sakanni, kuma fuskarka na iya kasancewa a kusa.

Tunda bod na hannunka, duba gindin taransifoma da ƙafafun kayan da ke manne da ƙarfen sanyaya, in ka ga solda ta yi zobe ta tsage ka sabunta ta.

Mataki na bakwai: gwaji

Mayar da bod, ɗaure duk sukurorinsa saboda wasunsu su ne ke haɗa shi da ƙarfen jiki, mayar da wayoyi yadda suke a hoto. In kana da ƙwan fitila mai zare na wat 100 ka haɗa shi a jere da layin wuta a kunnawar farko, in ya yi haske ya dushe babu shot, in ya tsaya da haske tar zare filogi ka koma bincike. Wasu manyan talabijin ba sa tashi sosai ta cikin ƙwan, amfaninsa dai ya nuna maka ba abin da zai ƙone. Ja da baya kaɗan sannan ka kunna.

In ta tashi nan take, bar ta ta yi awa ɗaya ko biyu, sannan ka kashe ta huce gaba ɗaya ka sake kunnawa da safe, tunda a sanyi ne ciwon ke nunawa. In za ka auna wutocin fita, lambobinsu na rubuce kusa da soket ɗin da ke zuwa babban bod, baƙar wayar mita a kan ƙarfen jiki, ja a kan fil, hannu ɗaya kawai, kuma gefen COLD kaɗai. Bolt 5 ya tsaya cak ba ya rawa.

In kuwa ka canza ba ta tashi ba, duba fiyus. Fiyus da ya yi baƙi yana nufin akwai shot a gefen babbar wuta, dayod ɗin shiga ko taransista, kuma saka sabo ko ɗaura waya ba tare da an gano dalilin ba ƙara ɓarna ne. In sauti na fita hoto babu, haska tocila a jikin sikirin, in ka hango hoto dishi-dishi to fitilun baya ne suka mutu, wannan wani aikin ne daban. Kafin ka rufe murfi busa ƙurar da ke ramukan iska, in za ka mayar da ita bango ka bar tazarar da hannu zai iya shiga ta baya, kuma a lokacin zafi a riƙa zare filogi da dare, domin ko tana kashe da rimot sashen bolt 5 ɗin nan yana nan yana aiki.